A Ƙasar Jikokin Fir'auna

A wajenmu idan aka ce da mutum Fir'auna an gama zaginsa. Azzalumin shugaba Fir'auna ne, mai gidan haya marar imani Fir'auna ne, har uwar miji mai tsanani takan samu nata rabon. Tun muna makarantar allo muka san shi: wanda ya yanka 'ya'ya maza na Bani Isra'ila, ya yi da'awar allantaka, ya bi Annabi Musa (AS) har teku ta haɗiye shi. Sai ga wata ƙasar Musulmi mai mutum fiye da miliyan 100, ƙasar Azhar da manyan makaranta Alƙur'ani, ta sa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafarta suna Fir'aunoni. Da wannan suna suka ɗauki kofin Afirka sau bakwai, kuma duk ranar da Mohamed Salah ya zura ƙwallo, da liman da ladan ake ihun murna. Abin da ya kai ni Masar ke nan, in ga yadda al'umma take zama gida ɗaya da irin wannan kaka.

Tun a wurin canjin kuɗi na filin jirgin saman Alkahira aka fara ba ni amsa. Takardar fam 100, gefe guda masallacin Sultan Hasan, ɗaya gefen Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da gangar jikin zaki. Fam 200, masallaci a gaba, a baya gunkin wani magatakarda na zamanin Fir'aunoni ya tanƙwashe ƙafa yana jiran a yi masa shifta. Sabuwar fam 10 ta leda, wani babban masallaci na sabon birnin da gwamnati ke ginawa a hamada, a bayansa sarauniya Hatshepsut. Haka duk takardun suke. Rubutun gefen masallaci da Larabci ne, na gefen Fir'auna da Turanci. Wanda ya tsaya iya nan zai ce masallacin na 'yan gida ne, Fir'auna kuwa an ajiye shi don baƙi masu kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma zancen ya fi haka tsawo.

Wani ɗalibi ɗan Katsina da ya kwana biyu yana karatun Shari'a a Azhar shi ya ɗauki nauyin zagayawa da ni, kuma da Azhar ɗin muka fara, don ita ce Masar da muka sani. Fatimiyyawa, 'yan Shi'a Isma'iliyya, su suka gina masallacin tsakanin 970 da 972. Salahuddin ya kawar da daularsu a 1171, daga baya wurin ya zama babbar cibiyar karatun Ahlus Sunna. A tsakar masallacin, kan farin marmara, ga 'yan Indonesiya, ga 'yan Senegal, ga namu, kowa ya duƙufa kan littafinsa. Mutanenmu ba baƙi ba ne a nan. Tun ƙarni na 13 aka gina wa ɗalibai da alhazan Kanem makaranta a tsohuwar Alkahira, kuma a cikin Azhar akwai sashen kwanan ɗalibai da aka sani da sunan Barnawa.

A lungun masu sayar da littattafai da ke bayan masallacin, ɗan rakiyata ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana ajiye mini. Tafsirin Jalalaini da malamanmu ke karantawa kowane azumi, Masarawa biyu suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi. Muhtasar na Halil, wanda alƙalanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna yanke hukunci da shi, na Bamasare ne. Iziyya haka, Burda haka. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Da yaron ya zo kan wannan sai ya gyara tsayuwa, ka san Bakatsine. Rabon da muka samu daga wannan ƙasa na zamanin daular Mamluk ne, Masar ta malamai da alƙalai, kuma ya shiga jikinmu har ba ma kallonsa a matsayin kayan aro. Shi kansa labarin Fir'aunan da muke tsine wa, yawancinmu a tafsirin malaman Masar muka ji bayaninsa.

Da na ce mu je mu ga gawarwakin Fir'aunonin, sai ya yi jim. "Kawu, ni fa tunda na zo ƙasar nan ban taɓa taka wurin ba. Wasu malamai na cewa ba a shiga inda aka halaka mutane sai da kuka." Na ce to mu je, in kukan ya zo ma yi.

Suna Fusɗaɗ, garin da Amru ɗan Asi ya kafa bayan ya ci Masar a 641, a wani sabon gidan tarihi. Ranar 3 ga Afrilu, 2021 aka kawo su daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, kowace gawa a motarta da aka ƙawata da sunan mai ita a jiki. An rufe tituna, an yi kaɗe-kaɗe, an harba igwa 21, Shugaba Abdul Fattah al-Sisi da kansa ya tsaya ya tarbe su, duniya tana kallo a talabijin. Irin tarbar da ake yi wa shugaban ƙasa mai ci. Ba wannan ne karo na farko ba: a 1976 da aka kai gawar Ramsis na Biyu birnin Paris don a yi mata maganin funfuna, sojojin Faransa sai da suka yi mata faretin girmamawa a filin jirgi.

Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, kuma ba wanda ya ce a yi shiru amma kowa raɗa yake yi. Ga Sekenenre da saran gatari a goshi, wanda ya mutu a lokacin yaƙi da baƙin da ake kira Hiksos. Ga Seti na Ɗaya kamar mai barci. Ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki, da dogon hancinsa da sauran gashi a ƙeya. Tambayar da kowane Musulmi ke shiga da ita guda ce: wanne ne na Annabi Musa? Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, ya dai faɗa a Suratu Yunus cewa za a tsirar da jikinsa ya zama izina. Likitan nan na Faransa, Maurice Bucaille, wanda littafinsa ya zaga hannun matasanmu, ya ce Merneptah ne, ɗan Ramsis. Wasu sun ce Ramsis ɗin ne da kansa. Dukansu biyu suna cikin waɗanda aka yi wa faretin. Na ga wani dattijo da carbi a hannu ya daɗe a kan Merneptah yana motsa baki, a bayansa kuma malamar makaranta da ɗalibanta tana ce musu su gaida kakanninsu. Su kansu Masarawa sun sha kai-komo kan wannan ɗaki. A 1980 Shugaba Anwar Sadat ya sa aka rufe na Tahrir, yana ganin bai dace a mai da gawar sarakuna abin kallo ba, sai a 1994 aka sake buɗewa.

Direban tasin da ya ɗauko mu daga can, da alamar sujada a goshi da karatun Abdul Basiɗ a rediyo, bai ga wani abin ruɗani a tambayata ba. Ya ce Fir'aunan Musa mutum ɗaya ne cikin sarakuna ɗaruruwa da suka yi mulki kusan shekara 3,000. "Ya ustaz, don mutum ɗaya ya kafirta sai mu zubar da dangi duka?" Ya lissafa mini Asiya matar Fir'auna, da masu sihirin da suka yi imani a gaban sarki, da Hajara mahaifiyar Annabi Isma'ila, da Mariya Baƙibɗiya, ya ce duk 'yan ƙasar nan ne, me ya sa ba a kiransu jikokin waɗannan? Akwai ma masu cewa azzalumin ba Bamasare ba ne, cikin Hiksos yake. Wannan dai na ji shi a matsayin dabarar wanke kaka.

Ba kullum Masarawa suka ɗauki waɗannan mutane kakanni ba, kuma a Giza ake ganin shaida. Mu da muka taso da hoton dalar gyaɗa ta Kano muna zaton mun san siffar dala, sai mutum ya tsaya a gindin ta Khufu ya ga dutse ɗaya ya kai masa ƙirji, kuma irinsa sun haura miliyan biyu. Tsayinta na asali mita 146, shekarunta wajen 4,500. Masu raƙuma da dawakai ba sa barin mutum ya yi tunani, kowa "ya basha, ya basha", da haƙuri dai na zagaya zuwa ƙaramar dalar ta Menkaure. A gefenta na arewa akwai wani dogon rami kamar an yage ta. Sarki Azizu Usman, ɗan Salahuddin, shi ya tura ma'aikata a 1196 su rushe ta. Suka yi wata takwas suna fama, kuɗi ya ƙare, suka haƙura. Farin dutsen da ya lulluɓe dalolin kuwa an kwashe shi an yi gine-ginen Alkahira. Rubutun Fir'aunoni na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a 394, daga nan aka yi shekara fiye da 1,400 babu mai iya karanta shi, sai da wani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi a 1822. Hukumar kula da kayan tarihi da aka kafa a 1858, Faransawa suka riƙe ta har farkon shekarun 1950. Dutsen Rashid da ya buɗe sirrin rubutun yana Landan tun 1802, kan sarauniya Nefertiti yana Berlin, kuma har gobe Masar na roƙon a dawo da su.

Turawan da suka yi tonon kayan tarihin suna da wata magana mai ciwo, wai waɗanda suka gina dala daban, talakan da ke noma a gindinta daban. Wannan gorin ne ya mai da Fir'auna ɗan siyasa. Lokacin boren 1919, da Sa'ad Zaglul ya jagoranci neman korar Ingila, masu zanga-zanga sun ɗaga tuta mai jinjirin wata da gicciye tare. Suna bukatar kakan da Musulmi da Kirista za su haɗu a kansa, wanda kuma Bature da Baturke ba su da gado a ciki. Fir'auna ya riga addinan biyu, ya riga duk wanda ya taɓa mamaye ƙasar, don haka ya dace da aikin. Kusa da Jami'ar Alkahira na tsaya a gaban mutum-mutumin da Mahmud Mukhtar ya sassaƙa da jan dutsen Aswan, wanda jama'a suka yi karo-karo aka fara shi, aka ƙaddamar a 1928. Wata 'yar ƙauye ce tana yaye mayafi daga fuskarta, hannunta ɗaya a kan Abul Haul, shi kuma ya miƙe ƙafafun gaba zai tashi. Sunansa Farkawar Masar. Motoci na ta wucewa, ba mai ɗaga kai, amma kusan duk abin da gwamnatocin ƙasar suka faɗa game da kansu tun daga lokacin yana jikin dutsen nan.

Sa'a kuma ta taimaka. A shekarar da Ingila ta ba su 'yancin rabi da rabi, 1922, Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun cike da zinariya. A da, mai tono yakan tafi da kasonsa. Wannan karon gwamnatin Zaglul ta yi tsaye, har ta hana Carter shiga kabarin a 1924, kuma kayan suka zauna a ƙasar. Da Zaglul ya rasu aka gina masa hubbare irin ginin Fir'aunoni, Musulmi ɗan Azhar.

Ba kowa ya yarda ba. A 1928 ɗin nan dai Hasanul Banna ya kafa Ikhwanul Muslimin a Isma'iliyya, kuma su a ganinsu tinƙaho da Fir'auna jahiliyya ce aka sake wa riga. Shugaba Jamal Abdul Nasir ya zo da tasa, ya ce Masar zuciyar Larabawa ce. Da ya haɗe da Siriya a 1958 har sunan Masar ya fita daga sunan ƙasar, ta zama Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, kuma ko da Siriya ta ɓalle a 1961 bai mai da shi ba, sai Sadat a 1971. Duk da haka a zamanin Nasir ɗin ne aka ɗauko ƙaton gunkin Ramsis aka kafa a gaban tashar jirgin ƙasa ta Alkahira. Yau gunkin, mai tan 83, shi ke tarbar baƙi a sabon Babban Gidan Tarihin Masar da ke kusa da dalolin Giza, wanda ya ci fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya, da bashin Japan a ciki, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba, 2025. A tsakiyar dandalin Tahrir kuwa, inda matasa suka kwana a 2011 har Mubarak ya sauka, an kafa dogon ginshiƙin dutse na Ramsis a 2020, da gumakan raguna huɗu da aka ɗebo daga haikalin Karnak, da masu gadi. Ni dai a ganina mai mulki da kaki ba zai ƙi tarihin da ke cewa tun fil azal mutum ɗaya mai ƙarfi ne ke riƙe da ƙasar nan ba. Ga kuma batun aljihu: baƙi kusan miliyan 15 suka shigo a 2023, kuma kuɗinsu na cikin abin da ke riƙe da ƙasar, tare da na mashigin Suwais da na 'yan ci-rani.

Wannan duk Fir'aunan gwamnati ne. Na talaka sai da na bar Alkahira na gan shi sosai, ko da yake na fara jin ƙamshinsa a Majami'ar Mu'allaƙa da ke tsohon gari, tafiyar 'yan mintuna daga masallacin Amru. Ƙibɗawa, Kiristocin ƙasar, waɗanda ake ƙiyasta su kusan kashi 10 cikin 100 na jama'a, har yau suna wasu addu'o'insu da harshen Ƙibɗanci, wanda shi ne ƙarshen harshen Fir'aunoni, an dai rubuta shi da haruffan Girka. Da taimakonsa Champollion ya karanta na kan dutse.

A jirgin ƙasa na dare mai zuwa kudu, gari ya waye mana a cikin gonakin rake. Kogin Nilu a gefe, kore shar na 'yan kilomita, daga nan sai hamada kamar an ja layi da wuƙa. Wani dattijo Basa'ide, wato mutumin kudu, da jallabiya da rawani, ya miƙo mini shayi, hira ta kai mu ga noma. Na tambaye shi yaushe suke shuka alkama, ya ce a Hatur. Girbi fa? Baramuda. Sanyi mai shiga ƙashi a Ɗuba yake, iska da ƙura a Amshir. Waɗannan watannin Ƙibɗawa ne, goma sha biyu masu kwana talatin-talatin da 'yan kwanaki biyar ko shida na cike gurbi, lissafin da aka gada daga zamanin da ake jiran ambaliyar Nilu. Hatur ma sunan wata gunkiya ce ta da. Alhajin bai damu da wannan ba. Da watan Musulunci yake azumi, da na Bature jikansa ke karɓar albashi, gona kuwa ba ta san wani wata ba sai na kakanni. Haka bikin Shammun Nasim, ranar Litinin da ke bin Istar Ƙibɗawa: hutu ne na ƙasa, Musulmi da Kirista kowa ya kwashi iyali sai bakin kogi, da dafaffen ƙwai mai launi da ɗanyar albasa da wani ruɓaɓɓen kifi mai gishiri da ake kira fasikh. Kowace shekara ma'aikatar lafiya sai ta yi gargaɗi a kan kifin nan, wasu malamai su yi nasu a kan bikin, kowace shekara kuma sai an ci.

A Luksor na yi sallar Magariba a wurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Masallacin Shehu Abul Hajjaj, waliyyin da ya rasu a ƙarni na 13, yana zaune ne a cikin haikalin da Amenhotep na Uku da Ramsis na Biyu suka gina. Lokacin da aka yi masallacin ƙasa ta binne haikalin har kusan wuya, sai aka ɗora gini a kan abin da ya leƙo. Da masu tono suka kwashe ƙasar, tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama tana kallon iska. Kafin masallacin akwai coci a wurin, kafin cocin sojojin Rum sun yi sansani. An so a ɗauke masallacin don haikalin ya fito fes, mutanen gari suka ƙi. Bayan gobarar 2007, da aka kankare shafen bango wajen gyara, sai ga ginshiƙan Ramsis da zane-zanensu a cikin ɗakin salla. Suna nan, ana sahu a tsakaninsu.

Kowace shekara a tsakiyar Sha'aban ana maulidin Shehun, kuma babban abin kallo shi ne jiragen ruwa da ake ɗorawa a kan amalanke a zaga gari da su. Masana tarihi sun ce a wannan wuri dai, shekara fiye da 3,000 da suka wuce, haka ake ɗaukar jirgin gunki Amun daga Karnak zuwa Luksor a bikin da ake kira Opet. Na faɗa wa wani mai hidimar masallacin haka, ya yi dariya ya ce wannan zancen Turawa ne, jirgin na Shehu ne, tunawa ake da tafiyarsa. Ban yi masa musu ba. Gadon da ya fi daɗewa a hannun mutane sau da yawa shi ne wanda suka sake wa suna suka manta mai shi.

A ƙetaren kogi, inda kaburburan sarakuna suke, akwai tudun da ƙauyen Gurna yake a da. Mutanensa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a kan kaburburan, wasu ma a cikinsu. 'Yan gidan Abdur Rasul na wannan ƙauye su suka gano ramin da aka ɓoye gawarwakin sarakuna, suka riƙa sayar da kayan kaɗan-kaɗan har asiri ya tonu a 1881. Da yawa cikin waɗanda na gani a Fusɗaɗ daga ramin nan suka fito. Waɗanda suka raka gawarwakin a jirgin ruwa zuwa Alkahira sun ba da labarin cewa mata sun fito bakin kogi suna kururuwa, maza suna harba bindiga, yadda ake yi wa babban mutum jana'iza. Ba gwamnati ta sa su ba, a lokacin ma ba a fara wannan siyasa ba. Jikokin waɗannan mutane ne aka tasa daga 2006, aka rushe gidajensu masu zanen Ka'aba da jirgin alhazai a bango, aka mai da su sabon matsuguni, don a tsare kaburbura a kuma gyara wa baƙi wurin kallo. Haka aka rushe gidaje a cikin Luksor don a tono hanyar gumaka mai kilomita 2.7 da aka buɗe da gagarumin biki a Nuwamban 2021. Matattu sun samu fili, rayayyu an ba su diyya an ce su matsa.

A Aswan abin ya fi fitowa fili. A Alkahira yara kan bi baƙin mutum da "ya samara", wato mai duhun fata, a nan kuwa sai na buɗe baki ake gane ni baƙo ne. Ƙasar Nubawa ce, masu harsunansu na kansu, waɗanda kakanninsu na Kush suka taɓa cin Masar duka suka yi mata sarauta kusan shekara ɗari, su Piye da Taharka, a ƙarni na 8 da na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dalolin da ke Sudan sun ma fi na Masar yawa. Duk da haka batun launin Fir'aunoni wuta ne a ƙasar nan. Tun a taron UNESCO na 1974 a Alkahira Cheikh Anta Diop na Senegal ya tsaya kan cewa baƙaƙe ne. A 2023 da Netflix ta sa baƙar mace ta fito a matsayin Kiliyobatira, hukumomin Masar sun yi tir, kuma a shekarar aka hana masu tono na wani gidan tarihi na Holan aiki a Sakkara saboda baje kolin da ya haɗa tsohuwar Masar da mawaƙa baƙaƙen fata. Ina fahimtar haushin wanda aka daɗe ana ce masa gadon gidansu ba nasa ba ne. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda kare wannan gado ya koma gudun a haɗa shi da Afirka, alhali zanen da ke jikin kaburburan ya nuna mutane kala-kala, kuma ruwan da ya raya su daga Habasha da Uganda yake gangarowa.

Na hau kwale-kwale zuwa Garb Suhail, ƙauyen Nubawa mai gidaje shuɗaye da rawaya, inda ake ajiye kada a kwarami don baƙi su ɗauki hoto. Mai kwale-kwalen ya ce wannan na kasuwa ne, Nuba ta gaskiya tana ƙarƙashin ruwa. Da aka gina babbar madatsar Aswan tsakanin 1960 da 1970, tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 500. Duniya ta tashi tsaye don ceton gumaka. An yanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa fiye da dubu, aka ɗaga shi mita 65 aka sake haɗawa tsakanin 1964 da 1968, ƙasashe da dama suka zuba kuɗi. Masar ta yi tukwici da ƙananan haikalai huɗu, yau ɗaya yana New York, ɗaya Madrid, ɗaya Leiden, ɗaya Turin. Mutanen kuwa, kimanin 50,000 a ɓangaren Masar, aka kwashe su zuwa busasshiyar ƙasa a yankin Kom Ombo, nesa da kogi, da dabinonsu da kaburburan iyayensu duk a ruwa. Kusan adadin haka aka kwashe a ɓangaren Sudan zuwa Khashm al-Girba. Bayan shekara goma, a yaƙin Oktoban 1973, da harshen Nubawan nan sojojin Masar suka riƙa aika saƙon sirri don Isra'ila ba ta jin sa. Har yau ba a koyar da shi a makarantun gwamnati.

Kundin tsarin mulkin 2014, a sashe na 236, ya yi alkawarin mai da Nubawa yankunansu na asali cikin shekara goma. Wa'adin ya cika a 2024, kuma har yanzu suna Kom Ombo.